DOKOKIN KAYAN GINI DA ƘA'IDOJIN KEBUL NA SADARWA

GABATARWA

Duk wanda ya shiga wani babban gini na zamani, ofis ne ko asibiti ko ɗakin karatu, abin da idonsa zai fara gani shi ne bango da tagogi da fitilu da kwamfutoci a kan tebura. Abin da ba zai gani ba shi ne ɗimbin wayoyin da aka shimfiɗa a bayan silin da cikin bango da ƙarƙashin daɓe, waɗanda su ne ke haɗa kwamfutocin nan da juna, su kuma haɗa su da intanet. Irin wannan waya ita ake kira kebul na sadarwa. A gini guda mai hawa da yawa, idan aka haɗa tsawonsa yakan kai kilomita masu yawa, kuma kowace mita a lulluɓe take da roba. Roba kuwa, kamar yadda kowa ya sani, abincin wuta ce.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda kebul ya tashi daga kayan injiniyoyin sadarwa su kaɗai, ya koma kayan gini kamar siminti da katako da ƙofa, da kuma yadda wannan sauyi ya taɓa ƙa'idojin da ake bi wajen ƙera shi da sayar da shi da shimfiɗa shi. Za a fi mai da hankali a kan dokar kayan gini ta Tarayyar Turai, wadda ta zama tilas a kan kebul ranar 1 ga Yuli, 2017, sa'an nan a kwatanta ta da hanyar da Amurka ta bi tun kafin wannan lokaci.

DOKA DA ƘA'IDA

Kafin a shiga bayani gadan-gadan, ya kamata a rarrabe tsakanin kalmomi biyu da za su yi ta fitowa, watau doka da ƙa'ida. Doka ita ce abin da hukuma ta zartar, ya zama tilas a kan kowa, wanda ya karya kuma a hukunta shi. Ƙa'ida kuwa, a ma'anar da ake nufi a nan, yarjejeniya ce da injiniyoyi da masu masana'antu kan zauna su rubuta game da yadda wani kaya zai kasance da yadda za a gwada shi, domin kayan wannan kamfani ya yi aiki tare da na wancan. Asali, bin ƙa'ida ganin dama ne. Amma da zarar doka ta ambaci wata ƙa'ida da sunanta, ta ce da ita za a auna kaya, to, bin ta ya zama dole ke nan. Ta wannan ƙofa ce dokokin gini suka shiga harkar kebul.

ABIN DA ƘA'IDOJIN SADARWA SUKA DAMU DA SHI

A shekarar 1991 ƙungiyoyin masana'antun lantarki da na sadarwa na Amurka suka fitar da ƙa'idar da aka sani da lamba 568, wadda ta tsara yadda za a shimfiɗa kebul a gine-ginen kasuwanci. A 1995 aka sami ta duniya baki ɗaya mai lamba ISO/IEC 11801, da kuma ta Turai mai lamba EN 50173. Duka ukun tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa: shin wannan kebul zai kai saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan da sauri, ba tare da ya gurɓace a hanya ba?

Kebul ɗin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe. Kowace tana da rufinta na roba, an tufke su biyu-biyu kamar igiya, sa'an nan aka sa musu riga guda ta waje. Amfanin tufkar shi ne hana saƙon wannan waya tsallakawa cikin na waccan. Ƙa'idojin sun kasa irin wannan kebul rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsa. Rukunin Cat5e ana gwada shi har zuwa megahaz 100, yana kuma ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa. Cat6 yana kai wa megahaz 250. Cat6A kuwa yana kai wa 500, kuma yana iya ɗaukar gigabit 10. Har ila yau sun ƙayyade tsawo: kada kebul ɗin da aka kafa a cikin gini ya wuce mita 90, a bar mita 10 domin gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin kwamfuta da bakin na'urar rarraba saƙo, jimla mita 100.

Idan aka duba da kyau za a ga duk waɗannan alƙaluma na saƙo ne. Batun abin da zai faru idan wuta ta kama kebul ɗin, ƙa'idojin sun bar shi a hannun dokokin kowace ƙasa. Saboda haka rubutun Cat6 a jikin waya bai ce komai ba game da gobara.

ROBA DA WUTA

Robar da aka daɗe ana yin rigar kebul da ita ita ce PVC, saboda arha da laushi da jure wahala. Fiye da rabin nauyin sinadarin PVC kansa kulorin ne. Wannan kulorin yana sa robar ta yi jinkirin kamawa, abin da yake alheri ne. Amma idan wuta ta yi ƙarfi har ta ci ta, sai ta fitar da baƙin hayaƙi mai kauri tare da wata iska mai ɗauke da kulorin, wadda in ta haɗu da damshi takan zama asid. Damshin kuwa yana nan a idon mutum da maƙogwaronsa da huhunsa. Wannan asid ɗin kuma yakan sauka a kan na'urori ya cinye su, ko da wutar ba ta kai gare su ba. Shi ma rufin ciki, wanda galibi da robar PE ake yinsa domin ita ta fi kiyaye saƙo, daga man fetur aka samo shi, kuma yana ci sosai.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne hanyar da kebul ke bi. Masu zanen gini sukan kasa gini kashi-kashi da bango da kankare masu jure wuta, domin in gobara ta tashi a wani sashe ta tsaya a nan. Kujera da labule a ɗakinsu suke ƙonewa. Kebul kuwa aikinsa ke nan ratsa bango da hawa bene, sai ya zame wa wuta da hayaƙi gada daga sashe zuwa sashe.

Gobara biyu sun isa misali. Ranar 27 ga Fabrairu, 1975, wuta ta tashi a ɗakin kebul na ƙarƙashin ƙasa a wani ginin musayar tarho da ke birnin Niyu Yok na Amurka. Ta bi wayoyi masu rigar roba ta cikin kafofin da aka huda a tsakanin hawa da hawa, ta yi ta ci sa'o'i masu yawa, 'yan kwana-kwana kuma suka shaƙi hayaƙin PVC. Tarho kusan 170,000 suka mutu, kuma sai da aka yi kwana 23 kafin a mai da su bakin aiki.

Ta biyu ta faru ne ranar 11 ga Afrilu, 1996, a filin jirgin saman Dusseldorf na ƙasar Jamus. Tartsatsin walda ne ya kunna kumfan robar da aka sa a cikin silin domin tare zafi da sanyi, wuta ta bi ta cikin kogon silin inda wayoyi masu rigar PVC suke, hayaƙi ya cika zaurukan filin. Mutum 17 suka rasu, wasu a cikin lif, wasu a ɗakin jiran fasinjoji, kuma hayaƙi ne ya kashe su. Darasin da masana gobara suka daɗe suna nanatawa ke nan: mafi yawan waɗanda kan mutu a gobarar cikin gini hayaƙi ne ajalinsu, domin shi ke rufe ido a kasa ganin ƙofa, ya kuma toshe numfashi tun harshen wuta bai iso ba.

HANYAR DA AMURKA TA BI

A Amurka akwai kundin ƙa'idojin aikin lantarki mai lamba NFPA 70, wanda ƙungiyar kare gobara ta ƙasar ke sabuntawa duk bayan shekara uku. Kundin ba dokar gwamnatin tarayya ba ne, amma jihohi da birane sukan ɗauke shi su mai da shi doka a yankunansu. Wannan kundi ya kasa kebul na sadarwa gwargwadon wurin da za a sa shi.

Mafi tsanani shi ne mai alamar CMP. Dalilin tsananin kuwa shi ne yadda ake gini a can: sau da yawa kogon da ke tsakanin silin da kankaren sama shi ne hanyar da iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bi ta koma, saboda haka duk hayaƙin da ya tashi a nan, na'urar ce za ta raba shi ga dukan ginin. Ana gwada irin wannan kebul a cikin wani dogon bututu na tsawon minti 20, kuma ba a yarda harshen wuta ya yi tafiyar da ta wuce ƙafa 5 ba, watau kimanin mita ɗaya da rabi, hayaƙin ma an ƙayyade kaurinsa. Na biye da shi CMR ne, wanda ake sa wa a ramukan da ke ratsa bene daga ƙasa zuwa sama. Sai CM na amfanin yau da kullum, sai CMX na ƙananan gidaje. Na sama yana iya maye gurbin na ƙasa, na ƙasa kuwa ba ya hawa gurbin na sama.

Domin cin gwajin CMP, masu ƙera kebul sukan yi rufin ciki da wata roba mai suna FEP, wadda ke da wuyar kamawa ƙwarai. Sai dai tana ɗauke da fulorin, ɗan'uwan kulorin a cikin dangin sinadaran da ake kira halojin, kuma in ta ƙone ita ma tana fitar da asid. Watau Amurka ta fi ba da ƙarfi a kan kada wutar ta kama ta yaɗu tun farko. Turai kuwa, kamar yadda za a gani, ta ƙara da tambayar irin hayaƙin da zai fito in an riga an kamu.

DOKAR KAYAN GINI TA TURAI

Kafin 2017 kowace ƙasar Turai tana da nata gwaje-gwajen da nata sunayen, har ya zama kebul ɗin da aka amince da shi a Faransa sai an sake gwada shi kafin ya shiga Jamus. Tarayyar Turai kuwa kasuwa ɗaya take son kafawa. A watan Maris na 2011 ta zartar da dokar kayan gini mai lamba 305/2011, wadda ta maye gurbin wani tsohon umarni mai lamba 89/106, ta kuma fara aiki sosai ranar 1 ga Yuli, 2013. Bambancin umarni da doka a tsarin Tarayyar shi ne umarni sai kowace ƙasa ta juya shi zuwa dokar gida, doka kuwa kai tsaye take hawa kan kowa.

Dokar ta ce duk kayan da aka yi domin ya zauna dindindin a cikin gini kayan gini ne. Kebul ɗin da aka binne a bango ko aka shimfiɗa a silin ya shiga wannan ma'ana, ko na wutar lantarki ne, ko na sadarwa mai jan ƙarfe, ko mai zaren gilashi. Gajerun wayoyin da ake jonawa a cire kuwa ba a lissafa su a ciki. An rubuta ƙa'ida ta musamman mai lamba EN 50575 a 2014, aka ba masana'antu wa'adi daga 10 ga Yuni, 2016 zuwa 1 ga Yuli, 2017. Daga wannan rana, ba a yarda a fitar da irin wannan kebul kasuwar Turai ba sai da hatimin CE da kuma takardar shaidar yadda yake yi a gaban wuta.

An kasa kebul aji bakwai: Aca, B1ca, B2ca, Cca, Dca, Eca da Fca. Ƙananan baƙaƙen "ca" an ɗauko su ne daga farkon kalmar kebul ta Ingilishi. Aca shi ne wanda kusan ba ya ƙonewa sam, kuma kebul na sadarwa mai roba ba ya kai wa can. Fca kuwa shi ne wanda ya kasa cin ko da gwaji mafi sauƙi. A gwajin Eca, waya ɗaya tak ake tsayarwa a kunna mata ƙaramin harshen wuta, a ga ƙunar ba ta wuce milimita 425 ba. Daga Dca zuwa sama sai a koma babban gwaji mai lamba EN 50399, inda ake ɗaure wayoyi da yawa a jikin tsani a tsaye, kamar yadda suke a ainihin gini, a kunna musu wuta daga ƙasa na minti 20, ana auna zafin da suke fitarwa da saurin haɓakar wutar da nisan da ta hau. A ajin Cca ba a yarda wuta ta hau fiye da mita 2 ba, zafin kuma kada ƙololuwarsa ta wuce kilowat 60. A B2ca an rage zuwa mita 1.5 da kilowat 30. A Dca kuwa an yarda har kilowat 400. Ratar da ke tsakanin Cca da Dca ke nan, ko da yake baƙi ɗaya ne ya raba su a rubuce.

Bayan ajin akwai ƙarin alamomi uku. Baƙin "s" na hayaƙi ne, daga s1 mai ƙarancinsa zuwa s3. An sake kasa s1 gida biyu bisa gwajin da ake yi a cikin rufaffen ɗaki ana haska fitila ta cikin hayaƙin: in kashi 80 cikin ɗari na hasken ko fiye ya ratsa, s1a ke nan, in kuwa daga kashi 60 ne zuwa ƙasa da 80, s1b. Baƙin "d" na ɗigowar narkakkiyar roba mai ci da wuta ne: d0 babu ɗigo ko ɗaya, d1 ɗigon yana mutuwa cikin daƙiƙa 10, d2 kuwa ya wuce haka. Baƙin "a" na asid ne, daga a1 mafi ƙaranci zuwa a3.

Dokar ba ta bar mai kaya ya yabi kayansa shi kaɗai ba. Ga azuzuwa huɗu na sama, wata hukuma mai zaman kanta da gwamnati ta amince da ita ce ke gwada kebul, ta ziyarci masana'anta, ta riƙa komawa tana ɗibar samfur daga lokaci zuwa lokaci. Ga Dca da Eca, ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ke yin gwajin farko. Fca ne kaɗai aka bar wa masana'anta. Ajin da lambar takardar shaida dole su kasance a jikin kwali ko gangar da aka naɗe kebul ɗin.

YADDA DOKAR TA TAƁA ƘA'IDOJIN SADARWA

Abu na farko, kebul ya koma mai suna biyu. A da mai rubuta takardar kwangila yakan ce a kawo Cat6A, magana ta ƙare. Yanzu sai ya ƙara da ajin wuta, alal misali Cca-s1b,d2,a2. Sunan farko na injiniyan sadarwa ne, na biyu na mai kula da lafiyar gini, kuma ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya. Ana iya samun Cat6A mai ajin Eca, a kuma sami Cat5e mai ajin B2ca.

Na biyu, an gyara ƙa'idojin shimfiɗa kebul na ƙasashe domin su yi magana da sabon harshen. A nan akwai abin lura: dokar Tarayya ta tsara ma'auni ne kawai, ba ta faɗi ajin da za a sa a asibiti ko makaranta ba. Wannan ta bar wa kowace ƙasa. A Birtaniya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar, an yi wa ƙa'idar BS 6701 gyara a 2017, aka ce kebul na sadarwa da za a kafa a cikin gini ya kai Cca-s1b,d2,a2, kuma bayan ficewarta a 2020 ta ci gaba da aiki da waɗannan azuzuwa. Italiya ta bi hanyar auna haɗarin wuri, ta keɓe B2ca ga wurare irin su filayen jirgin sama da tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, inda jama'a ke da yawa kuma fita ke da wuya. Ma'auni ya zama ɗaya ke nan, amma hukunci ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Na uku, ƙirar kebul kanta ta sauya. Domin rage ƙuna ba tare da halojin ba, akan cuɗa robar riga da wani farin gari na ma'adinai, wanda in zafi ya kai kimanin digiri 200 sai ya saki tururin ruwa ya sanyaya wurin. Amma yawan garin yana sa riga ta yi kauri da tauri, bututun da a da yake ɗaukar wayoyi da yawa ya koma ɗaukar kaɗan, lanƙwasawa a kusurwa ta ƙara wuya. A ɗaya ɓangaren, ƙa'idar sadarwa tana buƙatar rufin PE mai tsabta a jikin jan ƙarfe, da kuma sandar roba da akan sa a tsakiyar Cat6 domin raba tufkoki huɗun, alhali duka biyun ƙarin makamashi ne ga wuta. Mai ƙera kebul ya zama bawan iyayengiji biyu, dole ya nemi ƙirar da za ta gamsar da kowannensu.

Na huɗu, tsofaffin sunaye sun rage daraja. Shekaru da dama ana sayar da kebul mai alamar LSZH, watau mai ƙarancin hayaƙi marar halojin, ana ɗaukarsa a matsayin mafi aminci. Da aka zo sabon gwaji sai aka ga da yawansa bai wuce Dca ko Eca ba, domin rashin halojin daban, ƙin kamawa da wuta daban. Haka kuma babu teburin da zai juya CMP na Amurka zuwa ajin Turai. Gwaje-gwajen sun bambanta, kuma kamfanin da ke son kasuwannin biyu sai ya yi gwaji biyu.

Na biyar, an ja layi a bakin ƙofar gini. Kebul na waje ana yi masa baƙar rigar PE, wani lokaci a cika shi da maiƙo, domin ya jure rana da ruwa, kuma irin wannan galibi ba ya cin gwajin wuta. Don haka sai a tsayar da shi kusa da inda ya shigo, a jona na cikin gida. Kundin Amurka ya ba irin wannan kebul mita 15 kacal a cikin gini.

Ba za a ce babu ƙorafi ba. Gwaji da ziyarar masu bincike kuɗi ne, kuma a kan mai saye suke ƙarewa, ƙananan masana'antu kuma sun fi manya jin nauyin. Akwai masu ganin cewa tilasta Cca a ƙaramin ofis mai hawa ɗaya wuce gona da iri ne. Wannan muhawara ce ta sa wasu ƙasashe suka zaɓi auna haɗarin kowane gini maimakon yanke hukunci ɗaya ga kowa.

BAYAN SAYE, SAI SHIMFIƊAWA

Dokokin gini ba su tsaya a kan robar ba. A shekarar 2005 a ginin Harrow Court da ke Stevenage, da kuma 2010 a ginin Shirley Towers da ke Southampton, duka a Ingila, 'yan kwana-kwana bibbiyu suka rasu, kuma a duka wuraren biyu bincike ya nuna kwasfar robar da ke riƙe da wayoyi ta narke, wayoyin suka zubo suka harɗe masu aikin ceto. A sakamakon haka aka gyara ƙa'idar BS 7671 a 2015, aka ce wayoyin da ke kan hanyar gudu a kafe su yadda ba za su faɗo da wuri ba, abin da a aikace ke nufin maɗaurin ƙarfe. A 2018 aka faɗaɗa wannan ga dukan gini, har da wayoyin sadarwa. A Amurka kuma tun bugun 2002 kundin ya ce a cire tsohon kebul da aka daina amfani da shi, a daina barinsa jibge a cikin silin.

Akwai kuma sabon al'amari, watau tura wutar lantarki ta cikin kebul na sadarwa domin kunna kamara da tarho da fitila. A 2003 iyakar wat 15.4 ce, a 2009 ta koma 30, a 2018 ta kai 90. Wayoyi da yawa a ɗaure wuri ɗaya, kowace na ɗauke da wuta, sukan yi ɗumi. Shi ya sa bugun 2017 na kundin Amurka ya ƙayyade yawan wutar da za a bi da ita gwargwadon kaurin waya da girman dami.

ABIN DA YA SHAFI MAI SAYE A NIJERIYA

Dokar Turai ba ta da iko a Kano ko Zariya. Nijeriya tana da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, wadda aka kafa a 1971, da kuma kundin tsarin gini na ƙasa na 2006. Sai dai da yake da yawa daga kebul na sadarwa shigo da shi ake yi, alamomin nan suna zuwa a jikin kwali, kuma wanda ya iya karanta su ya san abin da zai binne a bangonsa.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. A kasuwa ana samun kebul mai arha mai alamar CCA da manyan baƙaƙe. Wannan ba ajin wuta ba ne. Ma'anarsa ita ce wayar alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 ne cikin ɗari na lantarkin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, saboda haka ya fi yin zafi, ya fi saurin karyewa, kuma ƙa'idojin sadarwa ba su amince da shi ba. Baƙaƙe uku ne iri ɗaya: Cca shaidar cin gwaji mai tsanani, CCA kuwa shaidar an rage jan ƙarfe. Masu iya magana sun ce arha ba ta ado.

KAMMALAWA

Daga bayanin da ya gabata an ga cewa ƙa'idojin sadarwa sun fara ne da tambayar saurin saƙo, sai gobara ta tilasta ƙara tambayar yadda kebul ke ƙonewa, da irin hayaƙin da yake fitarwa, da yadda aka kafe shi. Aikin bai ƙare ba. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta zartar da sabuwar dokar kayan gini mai lamba 2024/3110, wadda aka tsara ta fara aiki daga 8 ga Janairu, 2026, kayayyaki su riƙa komawa ƙarƙashinta daki-daki cikin shekaru kusan 15. Ta ƙara neman bayanin illar kaya ga muhalli, da kuma ajiye takardunsa a na'ura yadda kowa zai iya dubawa. Wanda zai sayi kebul domin makaranta ko asibiti, abin da ya kamace shi shi ne ya karanta sunayen nan biyu da ke jikin kwali, ya kuma nemi takardar shaida kafin ya biya kuɗi.